Hedifon Mai Buɗaɗɗen Baya da Kunnen da Ke Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san ba wurin shiru ba ne. Ta wannan gefe ga shanu da raƙuma da tumaki, da yawansu an koro su ne daga Jamhuriyar Nijar, ga dillalai suna ɗaga murya. Ta wancan gefe manyan motoci na lodi, ga injinan niƙa, ga babura, ga mai maganin gargajiya da lasifikarsa. A tsakiyar wannan hayaniya akwai rumfunan masu cajin waya da masu tura waƙoƙi a memori, inda akan rataye hedifon iri-iri, tun daga ɗan iyafis da ake cusawa cikin kunne har zuwa mai manyan ƙoƙuna biyu da ke rufe kunnuwa ruf. Abu biyu mai saye ke nema a nan: ƙara da kauri. In ya maƙala ya ji kiɗa na dukan kansa, hayaniyar kasuwa kuma ta ɗauke, to ciniki ya faɗa.

Akwai wani nau'in hedifon da zai yi wuya a gan shi a irin waɗannan rumfuna, in ma an kawo shi mai saye zai ce lalatacce ne. Bayan ƙoƙunansa ba a toshe yake ba, raga ce kamar ta rariya. Wanda ya sa shi yana jin duk abin da ake yi a kewayensa, na kusa da shi kuma yana jin abin da yake saurare. Ga shi da tsada. Duk da haka shi ne masu haɗa sauti da yawa a manyan situdiyo na duniya suka fi amincewa da shi idan an zo tace waƙa. Tun daga shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka kawo kiɗan fiyano a Kano, sana'ar naɗar waƙa ke ta yaɗuwa, har ta kai saurayi a Daura ko Katsina kan kama shago guda, ya sa kwamfuta da makirufo, ya buɗe situdiyo. Ga irin wannan saurayi tambayar ta aljihu ce, kuma ta lafiya ce: me ya sa abin da ke yoyon sauti ya fi wanda ba ya yoyo faɗin gaskiya, yaushe ne kuma zai cuci mai shi? Rabin amsar yana cikin na'urar, rabin yana cikin halittar kunne.

Gwajin ƙoƙo

Mai karatu zai iya fara wannan nazari ba tare da ya sayi komai ba. Ya sami ƙoƙo ko kofin shayi ya kifa a kunnensa a wurin da ke da ɗan motsin jama'a. Zai ji wani huci kamar na iska daga nesa. Ba ƙoƙon ne ke yin ƙarar ba. Iskar da aka kulle a cikinsa ce take zaɓar wani yanki na hayaniyar wurin ta ƙara masa ƙarfi. In aka sauya kofin da wanda ya fi shi girma, hucin zai yi kauri. Wato kowane rufaffen wuri yana da sautin da yake fifitawa, gwargwadon girmansa da siffarsa.

Shi sauti ba wani abu ba ne illa matsewa da sakewar iska, wadda ke tafiya da gudun mita 343 a sakan guda a matsakaicin zafi. Yawan matsewa da sakewar nan a kowane sakan ake aunawa da hatiz, ana taƙaita shi Hz. Kaɗawa kaɗan ita ke ba da sauti mai kauri irin na tambari, kaɗawa mai yawa kuma siririn sauti irin na gyare. Kunnen yaro lafiyayye yana kama daga Hz 20 zuwa 20,000, amma iyakar ta sama tana ja da baya da shekaru. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi, kuma ma'auni ne mai yaudara, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninka biyu, alhali kunne ba zai ce ƙarar ta ninka ba sai an ƙara wajen desibel 10.

A cikin kowane ƙoƙo na hedifon da aka saba gani akwai maganaɗisu, da siririyar waya da aka naɗe, da wani tantani na roba da aka manna wa wayar. Idan lantarkin waƙa ya ratsa wayar, sai ta riƙa kai da komo, tantanin ya bi ta. Abin lura shi ne tantani fuska biyu gare shi. Duk lokacin da ya tura iska gaba zuwa kunne, ya ja iska ke nan ta baya. Sauti biyu ake haifarwa a lokaci guda, na gaba da na baya, kuma duk bambancin hedifon rufaffe da buɗaɗɗe yana kan yadda aka yi da na bayan nan.

Makaɗan Hausa sun daɗe da sanin wannan matsala ta hanyarsu. Taushi da tambari gindinsu a rufe yake kamar akushi, iskar ciki na tokare fata, ita ke ba su amonsu. Kotso, wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi kiɗa da shi, fata ɗaya gare shi, ɗaya bakin a buɗe. Ga abin kiɗa, amon jiki ado ne, shi ake nema. Ga na'urar da aka ɗora wa aikin faɗin abin da ke cikin waƙa ba daɗi ba ragi, amon jiki aibi ne. A rufaffen hedifon sautin baya yana bugun bangon ƙoƙo ya dawo ya sami tantani, iskar da aka kulle kuma ta yi masa tirjiya, sai wasu sautuka su kumbura, wasu su shaƙe. Masu ƙira na cusa auduga da soso don su rage wannan, waɗanda suka iya kuma suna cin nasara ƙwarai, amma aiki ne mai wuya. A buɗaɗɗe kuwa an buɗe wa sautin baya ƙofa ya yi tafiyarsa.

Tarihin abin gajere ne. A 1910 Nathaniel Baldwin ya ƙera hedifon a jihar Yuta ta Amurka, sojojin ruwan ƙasar suka saya. A 1937 kamfanin Beyer na Jamus ya fitar da DT 48 mai aiki da maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya, a 1958 kuma John Koss ya kawo na sitiriyo. Duk waɗannan rufaffu ne. Sai a 1968 kamfanin Sennheiser, shi ma na Jamus, ya fitar da HD 414, mara nauyi, mai soso a kan kunne da baya a buɗe, aka sayar da fiye da miliyan 10. Daga wannan zuriya ne DT 990 na Beyerdynamic ya fito a 1985, da HD 600 na Sennheiser a 1997, waɗanda har yau ake aiki da su.

Kunne ma yana da ƙofar baya

Abin da zai ba mai nazarin halittu sha'awa shi ne kunne ya riga injiniyoyi fuskantar wannan matsala. Sauti yana shiga ta kafar kunne, wadda tsawonta ya kai santimita 2.5, ya sami dodon kunne. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, kuma ba a kulle yake ba: wata siririyar hanya ta haɗa shi da can bayan hanci, tana buɗewa duk lokacin da mutum ya yi haɗiya ko hamma, don iskar ciki ta daidaita da ta waje. Idan mura ta toshe hanyar, dodon kunne kan ɗaure, ji ya dushe. Duk wanda ya yi mura a lokacin hunturu ya ɗanɗani yadda tantani ke zama in an toshe bayansa.

A cikin ɗakin nan akwai ƙasusuwa uku mafi ƙanƙanta a jiki, waɗanda aka raɗa wa suna saboda siffarsu: guduma, da maƙera, da likkafa. Aikinsu shi ne su miƙa motsin iska ga ruwan da ke kunnen ciki. Da a ce sauti zai faɗa wa ruwa kai tsaye, kusan dukkansa zai dawo, abin da zai shiga bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Amma da yake faɗin dodon kunne ya ninka na tafin likkafa wajen sau 17, ga kuma ɗan ƙarin da ƙasusuwan ke yi kamar na mabuɗin kwalba, sai matsin ya ƙaru fiye da sau 20.

Likkafa tana tura ruwan da ke cikin katantanwar kunne, wato wani bututu a cikin ƙashi mai tsawon milimita 35, wanda ya naɗe fiye da sau biyu da rabi. To, ruwa ba ya matsuwa. Da bututun a toshe yake ta ko'ina, likkafa za ta yi ta turi ne a banza. Saboda haka aka yi wa katantanwa taga ta biyu, zagayayya, mai tantani: in likkafa ta tura ciki, tagar ta kumburo waje. Wannan ita ce ƙofar bayan kunne. Ƙadangare ya fi haka ma, domin kunnuwansa biyu a haɗe suke ta kogon baki, sauti na iya shiga ta ɗaya ya bugi dodon ɗayan ta ciki, da haka yake gane inda ƙara ta fito duk da ƙanƙantar kansa. Gyare kuwa kunnuwansa a ƙafafun gaba suke, sauti na isa bayan tantaninsu ta bututun numfashi.

A cikin katantanwa akwai wani shimfiɗaɗɗen tantani, mai tauri a gindi, mai laushi a can ƙoli. Siririn sauti yana kaɗa gindin, mai kauri yana tafiya har ƙoli. Georg von Békésy, wanda ya fara aikinsa a ɗakin binciken tarho na ƙasar Hangare, shi ya gano haka, aka ba shi kyautar Nobel a 1961. A kan tantanin ƙwayoyin halitta masu gashi suke jere. Na layin ciki, kimanin 3,500, su ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiya mai zare wajen 30,000. Na waje, kimanin 12,000, aikinsu ya fi ban mamaki, domin suna miƙewa suna tsukewa tare da sauti don su ƙara masa ƙarfi, tamkar amfilifaya mai rai. A 1978 David Kemp ya nuna a Landan cewa saboda motsinsu kunne da kansa yana fitar da ɗan sauti da makirufo zai iya kamawa, da wannan ne ake gwada jin jarirai a yau.

Abin da mai tace waƙa yake nema

Aikin situdiyo mataki-mataki ne. Da farko a naɗi murya da kiɗa, kowanne daban. Sannan a haɗa su, a daidaita wa zai fito gaba, wa zai koma baya, wa zai tsaya dama ko hagu. Daga ƙarshe a yi tacewar gamawa, don waƙar ta fita da ƙarfi ɗaya da kyau ɗaya a kowace na'ura. A matakai biyu na ƙarshe mutum hukunci yake yankewa, kuma hukuncin ba zai fi shaidar da aka kawo masa inganci ba. Idan hedifon ya kumbura kauri, mai haɗawa zai rage kaurin da ba shi da laifi, waƙa ta fita a rame. Idan ya ɓoye kaifin sirrin sauti, zai ƙara, waƙa ta fita tana sukar kunne. Duk ƙaryar da na'ura ta yi, kishiyarta ce ke shiga waƙar.

Mai karatu zai ce, me zai hana a yi amfani da lasifika? Ita ce asali, amma lasifika ba ta magana ita kaɗai, da ɗaki take magana. A ɗauki shagon bulo mai faɗin mita 3.5, da siminti a ƙasa da ƙofar ƙarfe. Irin wannan ɗaki babban ƙoƙo ne, yana fifita sautin Hz 49 da ninkinsa, wato 98 da 147, daidai inda kaurin kiɗa yake zaune. A jikin bango sautin zai yi ruri, a wani wuri a tsakiya ya kusa ɓacewa. Gyaran ɗaki yana cin kuɗi fiye da lasifikar kanta, kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa kusan ba abin da yake yi wa sauti mai kauri. Hedifon yana cire ɗaki daga lissafi. Buɗaɗɗe kuma yana yin haka ba tare da ya kawo nasa ƙaramin ɗakin ba.

Akwai wata fa'ida ta jiki. A toshe kunnuwa da yatsu a yi guna da baki a rufe, za a ji murya ta cika kai. Dalili shi ne muryar mutum tana bin ƙasusuwan kai ta kaɗa bangon kafar kunne. In kafar a buɗe take, kaurin ya fice, in an toshe ya taru a kan dodon kunne. Shi ya sa mai rufaffen hedifon ke jin haɗiyar yawunsa da takunsa, shi ya sa kuma mawaƙa kan zame ƙoƙo ɗaya lokacin rerawa. Buɗaɗɗe ba ya kawo wannan cunkoso, kuma yana barin iska ta shiga. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Daura, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi awa biyar a zaune, balle ma gumi da ɗumi su ne abin da ƙwayoyin cutar kafar kunne ke so.

Sai dai yana da nasa aibi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Sautin baya da aka saki yana zagayowa ya soke wani kaso na na gaba, musamman can ƙasan kauri, saboda haka yawancin buɗaɗɗun hedifon ba su da nauyi a nan. Sannan ba a sa wa mawaƙi shi a gaban makirufo, domin kiɗan da ke yoyo zai shiga cikin muryar da ake naɗa, ba kuma mai iya tsame shi da kyau. Wurin naɗa na rufaffe ne. Situdiyon da kuɗinsa bai kai na biyu ba, rufaffe mai kyau ya fi masa amfani.

Kunne biyu, kai ɗaya

Akwai kuma aibin da ya shafi kowane hedifon. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta gwada kunnuwa biyu. Ƙarar da ta zo daga dama tana riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kai kuma yana yi wa kunnen hagu inuwa, musamman a siririn sauti. Lord Rayleigh ya bayyana waɗannan hanyoyi biyu a 1907. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ta waje kuma su ke taimakawa a bambance sama da ƙasa, gaba da baya. Farar mujiyar nan da ke kwana a kangaye ta kai wannan fasaha maƙura: kafar kunnenta ta hagu ta fi ta dama bisa, kuma Roger Payne ya wallafa a 1971 cewa tana iya cafke ɓera a duhun da ba ɗigon haske, da ji kaɗai.

A gaban lasifika biyu kowane kunne yana jin dukkansu. A hedifon kuwa na dama nasa daban, na hagu nasa daban, in an juya kai kuma sautin ya juya tare da shi. Ƙwaƙwalwa ba ta saba da haka a duniya ba, sai ta ajiye mawaƙi a tsakiyar kai. Masu talla kan ce buɗaɗɗen hedifon yana da fili, kuma da gaskiyarsu kaɗan, amma bai warware wannan ba. Sakamakon shi ne dama da hagu sukan yi kamar sun fi nisa, amsa-kuwwar da aka sa wa murya kuma ta fi fitowa fili, sai mai haɗawa ya yi kuskuren awo.

Waƙa ta koma kasuwa

Waƙar da aka tace a Kano ko Daura ba a situdiyo za a saurare ta ba. Za ta bi memori da Bluetooth ta sauka a Mai'adua, ta haye Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram, a ji ta a lasifikar waya guda ɗaya da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ko a rediyon mai shayi. Irin wannan lasifika ba ta iya fitar da kauri. To, ta yaya mai sauraro ke jin kaurin?

A nan ƙwaƙwalwa ke yin wani aiki da August Seebeck ya lura da shi tun 1841. Muryar namiji da ke kaɗawa sau 120 a sakan ba 120 kaɗai take fitarwa ba, tana tafe da 'ya'yanta: 240, 360, 480, 600, har sama. Tsohon layin tarho yana wucewa ne da abin da ke tsakanin Hz 300 da 3,400 kawai, wato yana yanke uwar. Amma da ƙwaƙwalwa ta ji 360 da 480 da 600, sai ta gane tsarinsu, ta mayar da uwar da babu. Wannan ya shafi Bahaushe fiye da Bature, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, kuma wannan hawa da sauka a kan uwar sautin yake. Ba don dabarar nan ta ƙwaƙwalwa ba, da hirar Hausa a waya ta yi wahala. Kalangu ma da wannan kari yake magana. Darasin ga mai haɗa sauti shi ne kaurin da zai rayu a wayar talaka sai wanda 'ya'yansa suka fito, saboda haka duk kyan hedifonsa, wajibi ne ya tura waƙar a ƙaramar waya ya fita waje ya saurara kafin ya ce ya gama.

Sai batun ƙarfin da ake aiki da shi. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken kamfanin Bell suka nuna cewa kunne ba ya yi wa sautuka adalci. Ya fi jin na wajen Hz 3,000 zuwa 4,000, wani ɓangare saboda kafar kunne ita ma bututu ce mai fifita wannan yanki, kuma idan aka rage ƙara kauri ne ke fara ɓacewa. Waƙar da aka haɗa da ƙara sosai takan yi daɗi a lokacin, in aka saurare ta a hankali sai a ji ta fayau.

Inda haɗarin yake

Buɗaɗɗen hedifon na wurin shiru ne, shiru kuwa kaya ne mai tsada a garuruwanmu. Situdiyon da ke bakin titi, janareta na ruri a ƙofa, fanka na juyawa a sama, duk wannan zai ratso raga ya shiga kunne. Abin da hannu zai yi, ba tare da shawara da mai shi ba, shi ne ya murɗa ƙara. Da yake sautin na'urar a wanke yake, ba ya karcewa balle ya yi gargaɗi, mutum zai kai inda bai zata ba.

Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na awa 8 a yini. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Hukumar Sadarwa ta Duniya suka sa ma'aunin na'urorin sauraro a desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, 75 ga yara. Hukumar Lafiyar ta kuma ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Kunne kuma ba ya ware lissafi: ƙarar babur da ta injin niƙa da ta lasifikar biki duk a asusu ɗaya suke shiga da ta situdiyo.

Ƙwayoyin gashi na waje ne ke fara jigata. Bayan dogon zama ji yakan dushe, kunne ya riƙa ƙugi, zuwa safiya ya sake. Da ana ɗaukar wannan a matsayin gajiya kawai. Amma a 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman suka nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai a gwaji, wasu mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin gashi da jijiya sun tsinke. In kuwa ƙwayar gashin kanta ta mutu, ta tafi ke nan, domin ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba sa sake tsiro da ita. Tsuntsaye suna yi. A 1988 aka nuna cewa kaza da makwarwar Turawa na mayar da waɗanda ƙara ta kashe, kuma har yau masana na neman yadda za a koya wa kunnen mutum abin da kaza ta iya.

Ɓarnar ƙara ta fi fara bayyana a wajen Hz 4,000, yankin da baƙaƙe masu huci suke. Wasula suna nan da ƙarfinsu, saboda haka mutum zai rantse yana ji garau, amma sare da tsare da share sun fara kama da juna, musamman a cikin taro. Ga manomi wannan damuwa ce. Ga mai tace sauti kuwa karyewar jari ce, kuma a ɓoye take zuwa: zai riƙa ƙara kaifi a waƙoƙinsa don ya cike abin da kunnensa ya rasa, masu saye su ce aikinsa ya fara suka, shi kuwa bai ji komai ba. Wanda sanƙarau ya taɓa kamawa, irin annobar 1996, ko wanda aka daɗe ana yi wa allurar jentamaisin ko sitireftomaisin, ya kamata ya ƙara hattara, domin mai yiwuwa da ragowar jari ya fara. Ana gwajin ji a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wanda ya yi niyyar saye ya san cewa wasu daga cikin waɗannan hedifon, kamar HD 600 mai tirjiyar om 300, waya ba ta iya tuƙa su sosai, sai da akwatin sautin da masu sana'ar ke kira sawunkad. Ƙurar hunturu na bin raga ta kwanta a kan tantani, don haka a riƙa ajiye shi a jaka. Sosonsa in ya kwanta sauti ya canza, sai an sauya. Janareta a kai shi nesa da dogon waya, aikin tacewa kuma a bar shi sai dare ya yi ko bayan asuba, a riƙa cirewa ana hutawa kowace awa.

Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura. Kafin a fara aiki, a kunna wata hira da aka naɗa, a rage ƙara har zuwa inda da ƙyar ake gane kalmomi, a rubuta lambar da aka tsaya. Bayan an tashi daga aiki a sake kunna hirar a kan lambar nan, a wuri ɗaya, da hedifon ɗaya. In kalmomin da aka ji da safe sun ɓace, ƙarar da aka yi aiki da ita a ranar ta wuce kima, gobe sai a rage.